Saɓar Mazari daga Tafkin Kaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga 'yarki Safiyatu, 'yar ƙaninki Malam Abdulsalami, a nan Birnin Kudu, zuwa ga Gwaggona Hapsatu a ƙasar Gwanja. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, irin wadda 'ya take yi wa uwa tana durƙushe. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Iliyasu da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku. Allah Ya tsare ku daga ciwon baƙuwar ƙasa, Ya sa albarka a fataucin goro, Ya nuna mana ranar da za mu ga fuskarki. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Baba yana nan yana fama da karantarwa da ciwon gwiwa. Inna ta sauka cikin damina, an sami namiji, an raɗa masa Salihu, sunan Kakanmu marigayi, don haka Baba Ƙarami kowa yake ce masa. Gero ya yi kyau bana, dawa ce dai tsuntsu ya ɗan taɓa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, tunda kin tafi kin bar ni ina riƙe da gefen zanen Inna. Yanzu na girma, har ana cewa na kamo ki a tsawo. Baba ya koya mini rubutu, kuma shi ya ba ni wannan takardar da tawada da ya ji ayarin Madugu Haladu zai tashi zuwa wajenku a wannan wata na Azumin Tsofaffi. In kin ga sheɗara ta karkace ki yafe mini, hannuna allo ya saba da shi.

Gwaggo, daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Allah Ya yi wa mahaifiyarki, Kakarmu Mero, rasuwa a tsakiyar daminar nan da ta wuce. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ki haƙurin rashin da kika yi daga nesa. Baba ya rubuta miki tasa takardar ta'aziyya, a can za ki ga yadda aka yi jana'iza da waɗanda suka zo. Ni abin da zan ba ki labari daban ne. A ƙarshen kwanakinta Kaka ta so abu ɗaya tak, ta so a sa mata saɓar mazarin da aka haifa a tafkinta a tafin hannu kafin ta tafi, ga shi kuwa a lokacin tafkin ya mutu. Ta ce ni zan rubuta miki yadda aka yi, don ni na gani da idona.

Kin san tafkin, na bayan garkarta a gindin dutse, wanda ba ya ƙafewa ko bazara ta yi tsanani saboda ɗan idon ruwan da ke ƙarƙashinsa. Mu muke ce masa tafki don Kaka ta ce tafki ne. Baƙo kududdufi zai kira shi. Wataƙila kin san asalinsa, ni kam sai da na yi ta naci kafin ta faɗa mini. Ta ce da aka kawo ta daga Gwaram tana amarya, fadamar bayan garinsu ta fi yi wa kuka a kan iyayenta, don can take wuni tana kallon mazari, ƙwaron nan mai fukafuki huɗu da ke shawagi a kan ruwa. Kakanmu kuwa, kullum in ya dawo daga gona sai ya ɗauki dagi ya yi ta haƙa a gindin dutsen nan, har ruwa ya ɓullo. Sannan ya taka har Gwaram ya ɗauko mata laka da saiwar bado a cikin tulu. Gwaggo, ni mai son labarin masoya ce, duk gidan nan an sani. In ana tatsuniyar wani da ya keta daji saboda wata yarinya, ni ce ta farkon zama, ni ce ta ƙarshen tashi, kuma na karanta wasu ƙissoshi a tsofaffin takardun Baba har na kusa haddace su. Amma ban taɓa jin wanda ya taɓa mini zuciya kamar wannan ba, a ce mutum ya ɗauko wa matarsa laka a ka. Da na faɗa wa Kaka haka sai ta yi dariya, ta ce in daina zuzuta shi, ai tulun ma nata ne, kuma sai da ya gutsure masa baki a hanya.

Tun ina ƙarama nake zama da ita a bakin ruwan, don ni ba mai shiga cikin 'yan mata ba ce, in ana gaɗa can baya za ki same ni. Ita ta koya mini rarrabe su. Akwai ja wur mai faɗin ciki, wanda yake zaɓar kara ɗaya ya mai da shi nasa, in ya tashi ya kori wani sai ya dawo kan karan nan dai. Shi Kaka take ce wa mai gari. Matarsa ba ja ba ce, launin busasshen ganye gare ta, wanda bai sani ba sai ya ce ba su da dangantaka. Akwai shuɗi-shuɗi kamar an barbaɗa toka a kan shuni, shi ya fi son ya kwanta a kan dutse ko busasshiyar laka. Akwai babba mai koren ƙirji da shuɗiyar wutsiya, shi ba ya zama, kai da kawowa yake yi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sai 'yan sirara kamar allura, waɗanda in sun sauka suke naɗe fukafukansu a baya, alhali sauran a shimfiɗe suke barin nasu. Ta ce in na rikice in dubi ido: na manyan a haɗe suke a tsakar ka, na 'yan allura kuwa kowanne yana gefensa. Akwai kuma masu ruwan zinariya da ke zuwa tuli guda gab da saukar damina. Waɗannan baƙi ne, in ji ta, matafiya ne irin mijin Hapsatu, ba wanda ya san inda suke kwana.

Wata rana na ga biyu suna tashi a haɗe, na gaba yana riƙe da wuyan ta baya, ita kuma tana tsoma wutsiya a ruwa tana ɗagawa. Na sunkuyar da kai. Kaka ta ce to ƙawata, ga labarin masoyan da kike nema ya zo har gida kuma kin rufe ido. Ƙwai take zubawa. Daga ƙwan nan ne ake samun abin da take kira 'ya'yan laka, wasu munanan halittu masu ƙafa shida, launin taɓo, da ke zaune a ƙasan ruwa cikin saiwoyi watanni da yawa. In lokacin ɗaya ya yi, sai ya hau kara ya fito daga ruwa, bayansa ya tsage, mazari ya fito, ya bar fatar a manne da karan kamar yadda maciji ke barin saɓarsa. Da idon Kaka ya tafi, shekarun baya, sai ya zama al'adarmu ni da ita: saɓar farko ta kowace damina ni nake cirowa in sa mata a hannu. Sai ta shafa ta da yatsa, ta faɗi ko ta wane iri ce, ta ce alhamdu lillahi, tafki yana da rai.

To, bayan Babbar Salla, da aka tashi yaɓen gida kafin ruwa ya sauka, sai Baffa Sada ya kira gayya. Ya ce ga laka mai kyau a tafkin Innarsu, wato Kaka, a kwashe ta a yi yaɓe, a kuma gyara mata wurin ta ji daɗi, don ciyawa ta cinye shi. Ni ranar ina can ɗaki ina taya Inna aikin abincin 'yan gayya. Da na fito da yamma sai na tarar an tumɓuke bado da kainuwa, an sare duk karan bakin ruwa, an kwashe laka har sai da dutse ya bayyana, an daddatse gaɓar ta miƙe tsaye kamar bakin rijiya. Kaji suna kan tulin lakar suna tsattsage 'ya'yan laka. Wani daga cikin 'yan gayyar ma cewa ya yi ai an yi arziki, an raba tsohuwa da kunamun ruwa. Bayan 'yan kwanaki Baffa ya kawo tarwaɗa masu rai daga kogi ya zuba, ya ce daga yau Inna ba za ta rasa kifi a miya ba. Wallahi Gwaggo, fuskarsa cike take da murna. Don ƙauna ya yi, kowa ya shaida.

Kaka ba ta nuna masa komai ba. Ya zo ya ba ta labari, ta sa masa albarka. Aka yi mata miyar tarwaɗa ta sha, ta ce ta yi daɗi. Sai da muka rage mu biyu ta ce in kai ta bakin ruwan. Ta tsuguna ta miƙa hannu tana laluben karan da ta saba taɓawa, hannunta ya yi ta yawo a iska. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce tarwaɗa ba ta barin ɗan laka ko ɗaya, wanda ya tsira ma ba shi da abin da zai hau. Ta ce kada in kuskura in faɗa wa Sada, ɗan da ya yi maka alheri ba a nuna masa inda alherin ya yi ɓarna. Ba a jima ba ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, abinci sai kunu. Kowace safiya in na kai mata ruwan alwala sai ta buɗe tafin hannunta a kan tabarma, sannan ta tuna, ta rufe. Wata rana ta ce mini ita ta san bana ce daminarta ta ƙarshe, ba ta kuma jin tsoro, abin da ke damunta shi ne ta je ta tarar da mai tulu, Kakanmu, ya tambaye ta tafki, ta ce masa ta baro shi gawa.

Kin san halina ko da labari: ko baƙuwa ce ta yi sallama sai na nemi bayan ƙyaure. Baffa kuwa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na je ƙofar zaurensa na dawo ya fi a ƙirga. Ga maganar Kaka ta hana ni, ga hannun nan nata da take buɗewa kowace safiya. Ranar da na iya, tuwo na kai masa, na ajiye na ƙi tashi. Ya ce lafiya, 'yar Malam, ko tuwon ne aka ce ki tsare kada ya gudu? Na fara magana, muryata ko ni ba na jin ta sosai. Ya ce ashe bakin nan yana da harshe a ciki, shi ya zaci ado ne. Amma da ya fahimci inda na dosa sai dariyar ta ɗauke. Na faɗa masa komai, har da maganar tulu, wadda ashe bai taɓa ji ba. Ya tambaye ni ko Kaka ce ta aiko ni, na ce a'a, hana ni ma ta yi. Ya rufe tuwon bai ci ba, ya ce in tashi in tafi. Na fita ina kuka, na ɗauka na haɗa uwa da ɗa faɗa.

Washegari da hantsi sai na ji ana facal-facal a bayan garka. Baffa ne a cikin ruwa har ƙugu, da kwando a hannu, yana kamun kifayensa. Ya raba wa maƙwabta duka. Guda ɗaya ce, wata ƙatuwa mai gashin baki, ta yi ta wahalar da shi kwana da kwanaki, tana shigewa ƙarƙashin dutse. Yana ce mata 'yar nema, shi ya kawo ta, shi zai fitar da ita, ko za su shekara a nan. Baba ya leƙo ya ce Sada, ashe sarkanci ka koma ba ka gaya wa dangi ba? Ranar da ya kama ta bai ko yi murmushi ba, sai ya kira ni ya ce in nemi izinin Baba in shirya, Gwaram za mu, tunda shi bai san abin da ake ɗaukowa ba, kada ya sake kwaso wa Inna wata ɓarnar.

Baba bai so ba da farko, don hanyar kudu ba ta da tabbas saboda mahara, amma ya yarda da ya ji akwai ayarin masu kanwa da za mu bi. Ban taɓa fita bayan ganuwa da nisa haka ba. Muka kwana a Sara. Duk hanya ina kan jaki ina saƙa labari a zuciyata, wai ga sawun Kakanmu a gabana, har na kusa faɗowa, Baffa ya ce in dawo duniya. A Gwaram muka sauka wurin Iya Jummai, ƙanwar Kaka. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta yi hawaye, ta kuma yi dariya, ta ce har yanzu Yaya Mero ba ta warke daga ciwon fadama ba? Ita ta kai mu, tana dogara sanda. Ta nuna mini yadda ake ɗibar laka daga gindin ciyawa da tsohuwar rariya, a girgiza a cikin ruwa a hankali har 'ya'yan laka su bayyana. Ta ce in zaɓi waɗanda kumburin fukafuki ya fito musu a baya, su ne na kusa. Ta ce kada in haɗa manya da ƙanana a tukunya ɗaya, cinye juna suke yi, ba su san zumunci ba. Muka cika tukwane da laka da ruwa kaɗan, muka rufe da ganye, muka haɗa da saiwar bado da kainuwa da ciyawar jiji. A dawowa da sanyin safiya da na yamma kawai muke tafiya. Tukunyar da ta fi girma Baffa bai yarda ya ɗora wa jaki ba, a kansa ya ɗauko ta. Duk da haka wasu sun mutu a hanya.

Da muka iso, Baffa ya farfasa gaɓa ɗaya ya kwantar da ita, yadda ruwan zai zama marar zurfi a gefen, muka zuba lakar, muka dasa bado da jiji. Kainuwa kaɗan na sa, don Kaka ta ce in ta rufe fuskar ruwa duka, mace ba ta samun inda za ta tsoma wutsiya. Aka yi shinge saboda agwagi da kaji, aka hana wanki da zubar da toka a wurin. Tunda jijin bai tashi ba tukuna, sai muka kakkafa karan dawa a cikin ruwa don su sami abin hawa. Kaka ta gane komai tun kafin a faɗa mata, wai ta ji ƙanshin lakar garinsu a zanena. Ta ja mini kunne, ta ce ashe mai kunya ma tana da ƙafar kai tsegumi. Ranar ta sha kununta duka.

Daga nan sai jira. Ruwa ya sauka, masu ruwan zinariya suka zo suka cika sama, aka yi shuka, gero ya tsiro. Kaka kuwa kullum ƙara shigewa tabarma take yi. Kowace safiya bayan salla sai in zagaya in duba karare ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na ga ɗan laka ɗaya ya fito yana hawa, amma yana kaiwa tsakiya sai ya zame ya faɗa. Ya sake hawa, ya sake zamewa, bayansa kuwa ya riga ya fara tsagewa. Kafin in samo abin da zan tare shi, ya nutse. Ashe karan dawa santsi gare shi, ƙafarsu ba ta kama shi. Na zauna a wurin na yi kuka mai isata. Baffa ya zo ya tarar da ni, ya shafa karan da hannunsa, ya ce to, wannan kuma laifin mu biyu ne. Ya tafi ya saro ƙiraren geza masu kaushi, muka cire karan muka kafa su.

Ranar da Allah Ya nufa, an kwana ana yayyafi, gari ya waye fes. Na tarar da wani ɗan laka a kan ƙiren geza, mazarin ya riga ya fito rabi, ya rataya da ka ƙasa kamar ya mutu. Na tsaya ko numfashi ba na son yi. Can sai ya yunƙura ya kama fatar, ya zaro sauran jikinsa. Fukafukansa a cukurkuɗe suke kamar tsumma, ina kallo suna miƙewa a hankali, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Kaka ta sha gaya mini ba a taɓa su a wannan hali, in fukafuki ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan har abada. Sai na zare ƙiren gaba ɗaya daga laka, na tafi da shi a hankali kamar mai ɗauke da nono cike da ƙwarya, har ɗakinta. Na kama yatsanta na kai kan saɓar. Ta shafa ta daga kai har wutsiya. Shi kuma mai saɓar, da ya ji motsi, sai ya tako ya hau bayan yatsan nata ya tsaya. Leɓen Kaka ya yi ta motsi. Sannan ta tambaye ni launinsa. Na ce ba shi da launi, fari-fari ne kamar ruwan tsari. Ta ce haka suke fitowa, rana ce ke rina su, amma wannan gajere ne mai faɗi, mai gari ne ko matarsa.

Ta ce a kira mata Sada. Ya shigo ya durƙusa. Ta lalubo kansa da ɗaya hannun, ta ce ɗan nan, Allah Ya yi maka albarka sau biyu, ta kifi da ta laka, kuma kada ka ji komai, tarwaɗar ma ta yi daɗi. Sannan ta ce a fitar da baƙon nan, ɗaki ba wurinsa ba ne, ita ma a fitar da ita. Baffa ya goya ta a baya, ba ta fi nauyin yaro ba, ya kai ta bakin ruwa ya zaunar da ita a jikinsa, hannunta a miƙe cikin rana. Muka daɗe a haka har hantsi ya ɗaga. Ba ni na gaya mata ya tashi ba. Ita ta ce ya tafi, don ta ji yatsanta ya yi sanyi.

Bayan wannan ba ta yi kwanaki da yawa ba. Ta cika ranar wata Talata da rana tsaka, Baba yana karanta mata kalmar shahada tana amsawa. Kafin nan ta sa na naɗe saɓar a cikin auduga, na sa a 'yar batta, ta ce a aika wa Hapsatu. Ga ta nan na ba Madugu Haladu tare da wannan takarda. Ki buɗe a hankali, ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Ta ce in gaya miki ta yafe miki duniya da lahira, nisa ba laifinki ba ne, aure ne ya kai ki kamar yadda ya kawo ta. Ta ce ta san ki da kuka, za ki ce ba ki ga gawarta ba, ba ki san kabarinta ba. To ki dubi abin da ke cikin battar da kyau, ki leƙa ta tsagar bayan, ki ga ko akwai kowa a ciki. Ta ce abin da aka binne a Birnin Kudu ke nan, ba ki yi rashin ganin komai ba. Ki yi mata addu'a daga inda kike, za ta same ta.

Baba yana gaishe ki, Inna tana gaishe ki tana yi miki ta'aziyya. Baffa Sada ya ce in gaishe ki, in kuma roƙa masa gafararki, ban san ta mece ce ba, amma na rubuta yadda ya faɗa. Iya Jummai ta zo zaman makoki daga Gwaram, ta ce a gaya miki tana nan da ranta in kina neman uwa. Ki gaishe mini da Malam Iliyasu, da Yaya Kubra, da Hawwa da Barira waɗanda ban taɓa gani ba amma nake sa su a addu'a. In ayari zai juyo, ki sa a rubuto mana ko sheɗara biyu, mu san battar ta iso.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sada ta da Kakanmu a gidan aminci, Ya kyautata namu ƙarshen. Haza wassalam.

Ni ce 'yarki mai begen ganinki,
Safiyatu.